Shuɗin Fentin Santa Barbara

Ranar Talata da hantsi ramin kwal na Peña Parda ya yi tari, kamar yadda mutanen Socotiva ke faɗa idan gas ya kama wuta a ƙarƙashin ƙasa. Kafin yamma an fito da gawa biyu. Ɗaya Belisario Cely ne, ɗan gari. Ɗayan Ender Bracho, wanda ya zo daga Venezuela shekara uku da suka wuce da matarsa da jaka ɗaya. A aljihun wandon Ender aka sami laita, ja, ta roba.

Shi ke nan gari ya gama shari'a. Baƙo ya shiga rami da wuta, ya kashe kansa, ya kashe ɗan mutane. Washegari da safe duwatsu sun cika kwanon ɗakin da matarsa ke haya. Aka yanke cewa ranar Juma'a za a binne Belisario a layin mahaƙa, kusa da ubansa da kakansa. Ender kuwa, hukuma ta kai shi duk inda ta ga dama, babu kafaɗar da za ta ɗauke shi.

Ranar Laraba motar hukumar ma'adinai ta hau dutse ta sauke mai bincike. Maza suka dubi juna. Nohemí Sanabria ce, 'yar Rosalba mai wainar masara, wadda rami ya danne ubanta tana shekara goma sha ɗaya. Ta tafi Sogamoso ta karanta lantarki, ita kaɗai mace a ajinsu, ta shekara biyar tana shan ruwan mazarƙwaila a matsayin abincin rana ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu ga ta da farar hular kwano, ba ta sunkuyar da kai ga kowa.

"An rasa namiji ne a ofis?" in ji wani daga cikin taron.

"Akwai su," ta ce ba tare da ta tsaya ba. "Sun ce aikin ya fi ƙarfinsu."

*

A ofishin 'yan sanda Saja Pachón ya ajiye mata laitar a kan tebur yana murmushin wanda ya riga ya gama aiki.

"Ba sai kin ɓata takalminki ba, Injiniya. Ga mai laifi nan."

Ta ɗauka, ta kyasta. Harshen wuta ya tashi tsaf.

"Ina wandon?"

Ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Wandon ya ƙone har ƙugu, aljihun ya zama baƙin tsumma mai ƙauri.

"Saja, wuta ta ci wando, ta ci fatar mutum, sai ta ji kunyar roba?"

"Wuta ba ta da tsari."

"Tana da shi. Shi na je na karanta."

A ɗakin haya ta tarar da Yelitza, matar Ender, zaune a ƙasa nesa da taga, da ciki wata bakwai. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi ƙoƙarin wanke mijinta ba.

"Yana shan taba, señorita, ba zan yi miki ƙarya ba. Kamar bututun jirgin ƙasa. Laitar ma tasa ce, ni na saya masa. Amma a Maracaibo a matatar mai ya yi aiki shekara tara. Ko ashana ya gani kusa da tukunyar gas ɗin girki sai ya yi mini faɗa har in gaji." Ta shafa cikinta. "Wannan da ke ciki a nan za a haife shi. Me za su riƙa kiransa a makaranta?"

Nohemí ba ta yi mata alkawari ba. Ta dai ce ta rufe ƙofa.

A bakin rami akwai ɗakin fitilu, inda Doña Tránsito ta shekara ashirin da shida tana miƙa wa maza fitila tana lalube aljihunsu. A bango gwangwanaye ne jere, kowanne da lambar mai shi, inda ake zuba taba da laita da waya kafin a sauka.

"Na lalube shi," in ji tsohuwar, ranta a ɓace. "Ni ko bishop ya zo sai na lalube shi. Da idona na ga ya jefa ta a lamba arba'in da ɗaya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Aka ce na tsufa."

Gwangwanin lamba arba'in da ɗaya akwai kwalin taba a ciki, babu laita.

"A ina aka kwantar da gawarwakin da aka fito da su?"

Doña Tránsito ta nuna dogon bencin da ke ƙarƙashin gwangwanayen. "Nan. Rabin gari ya shigo ya fita."

*

In ba laita ba ce, wani abu ne ya kunna. Zargin Nohemí ya fara faɗawa kan Fidencio, mai awon gas, domin an ce mata shi da giyar rake aminai ne. Ta same shi a filin tejo, wasan jifan ƙarfe na yankin, yana zaune shi kaɗai, babu mai jifa.

"Ina sha, ban musa ba. Ranar Asabar. Ranar Talata garau nake." Ya ba ta na'urarsa. "Duba da kanki. Ƙarfe bakwai gas kaɗan ne. Wajen tara da rabi rufi ya zube a tsohon lungu, gas ya fito kamar an buɗe famfo. Na juya ina gudu in ce a kashe wutar lantarki, ban kai ba."

Na'urar ta gaskata shi har minti.

Sai ta koma kan mai ramin, Don Ramiro Chaparro, ko ya sayi injin banza ya sa a ƙasa. Ya tarbe ta da kofi da takardu, yana kiranta 'yar Rosalba. Ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya tana neman ƙarya, ba ta samu ba. Babban injin lantarkin da ke juya famfon ruwa a ƙasan rami na gaske ne, volt dubu huɗu da ɗoriya, irin wanda aka ƙera don wurin da gas ke yawo.

"Tambayi Evaristo," in ji Don Ramiro. "Injin nan ya fi matarsa samun kulawa. Ko makon jiya shi ya ci kambun Santa Barbara, shekara ta shida a jere."

Wannan kowa ya sani. Ranar huɗu ga Disamba ake saukar da mutum-mutumin Santa Barbara, waliyiyar mahaƙa, cikin rami a kan kafaɗa, a zaga da ita, ta kwana a gefen injin da ya fi kowanne ƙyalli. Sati guda kafin ranar kowace ƙungiya goge-goge take da shafe-shafen shuɗin fenti.

Don Evaristo Tibaduiza, shugaban masu lantarki, shi ne uban baftismar Nohemí, shi ya sa take kiransa Padrino. Shi ya fito da gawar ubanta a bayansa. Shi ya fara koya mata feƙe waya, da hannunsa na hagu mai yatsa uku, wanda bel ɗin inji ya cinye sauran biyun tun kafin a haife ta. Ya rungume ta a ƙofar gidansa, matarsa ta zubo miyar dankali mai zafi.

"Ci, 'yata, kin rame. Birni ba ya ciyar da mutum."

"Padrino, gobe zan sauka in ga injin."

Ya ajiye cokali. "Na riga na sauka yau da safe na duba. Lafiyarsa lau, murfinsa a ɗaure, noti goma sha biyu cif. Rubuta haka, ni zan sa hannu."

"Zan rubuta in na gani."

"Famfo a kashe yake, ruwa na hawa. Jibi injin ma ya nutse. Ki bari a kawo wani famfon, sati biyu, uku."

"Shi ya sa zan sauka gobe."

"Kin san abin da maza za su ce. Mace ta shiga rami, rami ya yi fushi."

"Ya yi fushinsa ranar Talata, Padrino, kuma duk maza ne a ciki."

Ya yi dariya, amma bai ƙara taɓa miyar ba.

*

Doka ta ce sai da rakiyar masu ceto biyu. Ta zaɓi Fidencio don awon gas, sannan ta nuna Anselmo Cely, ƙanen Belisario, wanda Yelitza ta ce muryarsa ta fi ta kowa tashi lokacin jifan kwano.

"Ni? Don me?"

"Don abin da zan gani, kai ma ka gani. Ba na son a ce 'yar Rosalba ta ƙaga."

Tafiyar minti hamsin ce a gangare, wani wurin a tsugune, wani wurin da rarrafe. Inda wuta ta bi, katakon tokare ya yi baƙi, ƙaurin ya kama maƙogwaro. Anselmo yana gaba yana sauri da gangan. Ba ta ce ya jira ba, kuma duk sanda ya waiwaya tana bayansa.

Ruwa ya riga ya kai gindin injin. Ta shiga har gwiwa ta haska. Shuɗin fentin jikinsa duk ya kumbura ya fashe kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa. A gefe akwai akwatin ƙarfe inda manyan wayoyi ke shiga, da murfinsa mai kauri. Ta ƙirga noti, goma sha biyu. Ta zaro siraran ƙarafanta na awo ta bi bakin murfin, ko mafi sirantarsu bai shiga ba.

"To, kin gani," in ji Anselmo. "Mu tafi."

Ba ta motsa ba. A kusurwar akwatin ta hagu akwai baƙin tabo, ya faro daidai daga bakin murfin ya bazu waje kamar harshe. Amma a kan murfin kansa babu tabon, babu kumburi. Baƙi ne da ƙurar kwal kawai. Ta danna farcenta a kai, farcen ya nutse.

"Anselmo, taɓa nan."

Ya taɓa, ya dubi yatsansa. "Ɗanye ne."

"Fentin da aka shafa kwana goma da suka wuce, wuta ta bi ta kansa, har yau bai bushe ba?"

Ta durƙusa cikin ruwan ta haska ƙasan murfin, inda mai ɗagawa zai tallafa. Sawun hannu ne a cikin ɗanyen fentin, sarai kamar an buga hatimi. Hannun hagu. Babban yatsa da wasu biyu.

Ta daɗe a durƙushe, sanyin ruwan na hawa cinyarta. Fidencio ya leƙa, ya yi alamar gicciye, ya kau da kai.

"An canza murfin, kuma wanda ya ɗaura sabon bai fita da tsohon ba," ta ce da ta miƙe. "Da Doña Tránsito ta gani. Yana nan."

Wuri ɗaya ne za a iya ɓoye shi, rijiyar da famfon ke zuƙar ruwa. Ta ɗaura igiya a ƙugu ta miƙa wa Anselmo bakin. Ruwan ya kai mata ƙirji, baƙi wuluk, sanyinsa kamar ana sara ƙashi. Ta riƙa lalube da ƙafa, taku bayan taku, cikin laka da guntayen katako. Minti ashirin. Haƙoranta na kaɗawa har Fidencio na ji.

"Fito haka nan, Injiniya, kya mutu a banza."

"Riƙe fitilar daidai."

A kusurwa ta uku takalminta ya daki ƙarfe.

*

Ranar Alhamis da yamma ta tara su a ɗakin fitilu: Saja Pachón, Don Ramiro, Fidencio, Doña Tránsito, Anselmo, da Don Evaristo. Ta aika aka zo da Yelitza, aka ba ta kujera. Sauran gari suka cika taga da ƙofa. A kan benci akwai abu lulluɓe da buhu.

"Da yawanku kuna zaton akwatin injin nan an yi shi ne don ya hana gas shiga," ta fara. "Ba haka ba ne. Gas yana shiga. Wata rana waya takan saki a ciki, ta yi tartsatsi, gas ya kama. An san da haka. Dabarar tana bakin murfi. Fuskar murfin da ta akwatin an goge su a masana'anta sun haɗu kamar tafi da tafi, 'yar hanyar da ta rage ba ta kai kaurin gashi biyu ba. Wutar da ta biyo ta nan, ƙarfe ya shanye zafinta, ta mutu kafin ta fito. Shi ya sa ba a kankare fuskar nan, ba a shafa mata fenti. Giris kawai."

Ta yaye buhun. Tsohon murfin ne, fuskarsa sama. An shafe ta da shuɗin fenti, sai kusurwa ɗaya da ta ƙone ƙurmus. Ta ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan kusurwar, ta sa fitila a baya. Haske ya ratso ta ƙasa har waɗanda ke taga suka gani.

"An ci wurin nan da injin goge ƙarfe, an cike da fenti. Ranar Talata fentin ya ƙone, wuta ta sami ƙofa. Fidencio ya yi aikinsa. Don Ramiro ya sayi injin kirki. Ender kuwa laitarsa na cikin gwangwani lokacin da ya mutu."

"Wa ya ci ƙarfen?" in ji Saja.

Ta juya ta fuskanci uban baftismarta.

"Padrino, ka faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba, sawun hannunka na ƙasa, mu uku muka gani."

Tsohon ya dubi murfin, ba ita ba.

"Tsatsa ce," ya ce a hankali. "Tana tsiyayowa daga bakin murfin, ja, tana ɓata sabon fenti. Na shafa sau uku tana dawowa. Waliyiya za ta kwana a wurin, in bar ta ta kwana kusa da tsatsa? Na kwance shi na hau da shi sama. Ban kunna injin goge a rami ba, ku tambayi kowa, ni ba mahaukaci ba ne. Kaɗan na ci. Kaɗan."

"Ka san ba a yi."

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin waya ta saki a akwatin nan ba."

"Wannan kuskure ne, Padrino, da ka tsaya nan da na tsaya tare da kai gaban kowa. Laitar fa?"

Don Evaristo ya dubi gwangwanayen da ke bango.

"Ni na fara isa wurin. Na ga tabon, na gane." Ya nuna bencin. "Da aka kwantar da su a nan, na ga Belisario, yaron da na goya. Na ce in gari ya sani, ina zan sa kaina? Sai na zaro laitar daga gwangwani na sa a aljihun baƙon. Shi kuwa wancan... ba shi da kowa a nan."

"Yana da ni," in ji Yelitza daga kujerarta.

Anselmo ya yunƙura, Fidencio ya riƙe shi. Saja ya dafa kafaɗar tsohon, suka nufi ƙofa, mutane suka dare. Daidai gaban Nohemí ya tsaya.

"Ni na koya miki riƙe filaya."

"Kai ne. Kai kuma ka koya mini cewa ba a sa hannu a kan abin da ba a gani ba."

*

A gida uwarta ta ajiye mata abinci ba ta dube ta ba.

"A bayansa ya fito da ubanki, Nohemí. Awa huɗu yana haƙa da hannu."

"Na sani, Mama."

"Gobe in na kai waina bakin rami, da wane ido zan dubi matarsa?"

"Da wanda kika dubi Yelitza jiya."

Rosalba ta ci gaba da murza ƙullun masara. Can ta ce, "Taurin kan ubanki ne, ba nawa ba." Ta ƙara mata waina ɗaya a faranti.

Ranar Juma'a akwatin gawa biyu aka ajiye a ƙofar coci. Da aka fito daga addu'a maza shida suka ɗaga na Belisario. Na Ender ya rage a ƙasa. Ba wanda ya ce kada a ɗauka, amma kowa na kallon takalminsa, domin hannun da ya jefi kwano ranar Laraba nauyi yake ji ya miƙa yau. Yelitza na tsaye ita kaɗai a gefensa.

Nohemí ta cire mayafin ulunta ta ba uwarta, ta je ta kama hannun akwatin na gaba.

"Mata ba sa ɗaukar gawa, 'yar nan," wata tsohuwa ta raɗa.

"To maza su zo."

Fidencio ya zo. Don Ramiro ya cire hula ya zo. Wasu biyu suka biyo baya suna jan ƙafa. Saura gurbi ɗaya. Sai Anselmo ya yi wa wani ɗan'uwansu alama ya karɓe shi, ya zame kafaɗarsa daga ƙarƙashin akwatin yayansa, ya dawo baya. Ya tsaya gaban Yelitza. Ya sunkuya ya kama hannu na shida.

Hanyar maƙabartar Socotiva hawa ce tun daga coci, ga duwatsu. Nohemí ta fi sauran gajarta, don haka nauyin ya karkato kanta, gefen katakon na cin kafaɗarta. A tsakiyar hawan wani ya matso ya ce ta kawo ya karɓe ta.

"Na gode," ta ce. "Zan kai."

Ta kai shi har layin mahaƙa.